Amsoshin Tambayoyinku: Ko Tsohon Takin Naman Kaza Zai Sake Amfani?

Wata mai sauraronmu daga Jos tana tambaya ko garin katakon da ta gama noman naman kaza a kansa zai sake yi mata wani zagayen.

Hajiya, zai yi, amma ba shi kaɗai ba, domin shukar farko ta cinye yawancin abincin da ke ciki. Ki marmasa shi, ki haɗa kashi 1 da kashi 3 na sabon gari, ki turara a durom na sa'o'i, ya huce kafin ki zuba iri. Duk ledar garin katakon da kika ga ta yi koren fumfuna kuwa, don Allah ki fitar da ita nesa da ɗakin noman, tana harbin sauran. Ragowar tsohon garin ki kai lambu, alayyafo yana son sa.