Darasi: Asusun Mata Masu Dubara

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, mai karatu, ku dubi kasuwar garinku ranar da take ci. Wa ke sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli? Wa ke kawo fura da nono? Wa ke suyar ƙosai tun da asuba? Mata ne. To, wa ke da manyan rumfuna? Wa ke sayen buhunan wake da riɗi, ya loda a mota? Nan kuma galibi maza ne. Me ya kawo haka?

Ba ƙwazo mata suka rasa ba. Jari suka rasa. Banki yakan nemi takardu da jingina kafin ya ba da bashi. Mace ta ƙauye kuwa sau da yawa ba ta da takardar gona da sunanta. Sai ta ɗauki gyaɗa bashi wajen ɗan kasuwa, ta matse mai, ta sayar, rabin riba ya koma wajen mai gyaɗa. Haka za ta shekara tana wahala, tukunyarta ba ta ƙaru ba.

Yadda abin ya faro

A shekarar 1991, ƙungiyar CARE ta soma wani aiki da matan ƙauye a jihar Maraɗi. Wata mata 'yar ƙasar Norwe, mai suna Moira Eknes, tana cikin waɗanda suka tsara shi. Sun dubi adashi, wanda iyayenmu mata suka sani tun da daɗewa, suka gyara shi. Aka sa wa tsarin suna Mata Masu Dubara. Ba a kawo wa matan kuɗi daga waje ba. Abin da aka kawo musu shi ne horo. Daga Maraɗi abin ya bazu cikin Nijar. Daga nan ya ƙetare zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya. Kun ga dubarar ƙasar Hausa ta zama darasi ga duniya.

Yadda asusu ke tafiya

Mata kamar 25 ko 30 su haɗu, waɗanda suka san juna, suka yarda da juna. Su zaɓi shugaba da ma'ajiya da masu ƙirgar kuɗi. Su yanke abin da kowa za ta zuba duk mako. Kuɗin yana kwana cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Mabuɗan suna hannun mata uku dabam-dabam. Ba a buɗe akwati sai gaban kowa.

Bari mu yi lissafi. A ce mata 30 ne, kowa tana zuba dala 20, wato sefa 100. Mako ɗaya an tara jika 3. Mako huɗu, jika 12. Mako 40, jika 120. Dala ashirin ba ta sayen akuya. Amma jika 120 tana sayen awaki.

Ga bambancinsa da adashi. A adashi, mutum ɗaya ke kwashe duka, sauran su jira layinsu. A asusu, wadda ke da bukata ita ke neman rance, ta faɗi abin da za ta yi da shi, 'yan'uwa su yarda. In lokaci ya cika ta mayar, da ɗan ƙarin da ƙungiya ta yanke. Ƙungiyar da ke shakkar wannan ƙari sai ta tambayi malamai. Akwai kuma wata hanya: a sayi hatsi da kaka, a ajiye, a sayar in ya yi daraja. Bayan wata tara ko shekara, sai a fasa asusu, kowa ta ɗauki rabonta.

Amfaninsa a ƙasarmu

Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, bayan an cire ta daga Magarya. Ƙasar noma ce, ga gero, ga wake, ga gyaɗa da riɗi. Ga kuma iyakar Najeriya kusa, inda kasuwar dabbobi ta Maigatari ke ci ranar Alhamis. Macen da ta samu rance da kaka za ta sayi gyaɗa tun tana da araha. Wata ta sayi ɗan rago ta turke, ta sayar gab da babbar salla. In damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, gidan da ke da rabo a asusu ba zai sayar da amfanin gonarsa tun yana tsaye ba.

Maigida, kada ka ga kamar an rage maka girma. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, babbar 'yar kasuwa ce. Ribar matarka cikin gidanka za ta shiga: sabulu, magani, littafin yara.

Kada a bar kowa a baya

Akwai waɗanda akan manta da su in ana kafa ƙungiya. Bafulatana mai zuwa daga ruga da ƙwaryar nono. Buzuwa baƙuwa. Gwauruwa mai marayu. Gurguwa ko makauniya mai saƙar tabarma da faifai. Wani lokaci a ce gidansu da nisa, ko a ce ba za su iya zubi ba. Ku sa ranar taro ta dace da ranar kasuwa. Ku sa zubi daidai ƙarfin mafi rauni cikinku. Mai nono tana bukatar mai gero, mai gero tana bukatar mai nono. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai a kula. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wadda ta ci rance ta kashe a biki ta cuci 'yan'uwanta. Kuma mantuwa tana kawo rigima. Shi ya sa karatun nan da kuke yi yake da amfani. Wadda ta iya rubuta suna da lamba, ba mai juya mata lissafi.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka faro Mata Masu Dubara, kuma a ina?
2. Don me ake sa wa akwati kwaɗo uku?
3. Mata 25 suna zuba dala 40 duk mako. Jika nawa za su tara cikin mako 10?
4. Su wa aka bari a baya a garinku? Yaya za a jawo su?