Borin Jinin da Ba Ya Jiran Wayewar Gari

A ƙasar Mayahi kowane lokaci na shekara da irin ƙaiƙayin da yake kawowa gidan likita. Da kaka mata masu sussuka da shiƙar gero ne ke zuwa, ido ya yi ja, atishawa ba ƙaƙƙautawa. Hunturu na shigowa da ƙurarsa, masu fuka su kwana a zaune. Lokacin bukukuwa kuwa amare ne da ƙawayensu, hannu ya ɗuri ruwa daidai inda zanen baƙin lalle ya bi, saboda rinin gashin da ake zubawa a ciki ba kowace fata ke ɗaukarsa ba. Mai wannan rubutu, ma'aikacin jinya a wata cibiyar lafiya ta yankin, yana ganin waɗannan duka, kuma galibinsu ba sa tayar masa da hankali.

Yawanci garkuwar jiki ce ke ɗaukar abin da ba shi da illa a matsayin abokin gaba, sai ta saki sinadarai, babbansu histamin, masu buɗe ƙananan hanyoyin jini. In abin ya tsaya a fata, shi ne borin jinin da kowa ya sani: rudu-rudu, ƙaiƙayi, ya fito nan ya ɓace ya ɓullo can. Maganinsa a nisanci abin da ya jawo shi, a ɗora tsumma mai sanyi, a sha setirizin ko kilorfeniramin. Na biyun yana sa gyangyaɗi, don haka ɗan kabu-kabu kada ya sha ya hau babur.

Wanda ke kisa daban ne, kuma cikin mintoci yake aikinsa. Leɓe da harshe su kumbura, murya ta dishe, numfashi ya riƙa fita da shewa, jiri ya ɗebi mutum ko ya sume, wani lokaci da amai da murɗawar ciki. Likitoci na kiransa anafilaksi. A nan abin da ya fi jawo shi harbin zuma ne da rina, sai magunguna irin su penisilin da amoksisilin da aspirin da dikulofenak. Hatta allurar maganin dafin maciji tana iya tayar da shi, shi ya sa ba a yin ta sai da adirenalin a kusa.

Wani saurayi daga wani ƙauye na bakin Gulbin Kaba ya hau gawo zai sauke amya, zuma ta harbe shi a wuya. Kafin a kawo shi a amalanke an ɗura masa nono, an shafe wurin da laka. Wansa yana ta maimaita wa ma'aikacin jinya: "Majo, harbi biyu ne kacal fa. Bara ma sun harbe shi, ya kumbura ya sace." Harbin baran nan shi ne ya shirya jikin, na bana ya tarar da shi a ɗane. Yawan harbi ba shi ne ma'auni ba. Aka yi masa allurar adirenalin a cinya, bayan minti 5 aka ƙara ta biyu, aka ɗaura masa ruwa, murya ta dawo. Dangi suka so komawa gida tun kafin magariba, aka hana su, domin abin yakan sake tasowa bayan sa'o'i ko da babu sabon harbi.

Akwai maganar da ta shafi ma'aikatan lafiya su kansu. Hannun da yawa daga cikinsu ya saba zuwa ga deksametazon da purometazin da farko, adirenalin kuwa ana jin tsoronta, sai an ga mutum ya kusa tafiya ake fasa kwalbarta. Wannan jinkiri shi ke cin rai. Deksa tana ɗaukar sa'o'i kafin ta fara aiki, maganin ƙaiƙayi irin purometazin kuma ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga jinin da ya faɗi. A 2021 hukumar da ke tsara aikin ceton rai a Birtaniya ta cire magungunan dangin deksa daga matakin gaggawa na yau da kullum. Awon adirenalin ba shi da sarƙaƙiya: miligiram 0.01 ga kowane kilo na nauyin jiki, kada ya wuce 0.5 ga babba, wato rabin ƙaramar kwalba mai miligiram 1, a tsokar cinya ta waje. Zafi da haske na lalata ta, kuma kowa ya san bazarar Mayahi a Afrilu da Mayu. Kwalbar da ruwanta ya sauya launi ta tashi daga aiki.

Allurar da mutum ke yawo da ita a aljihu ya soka wa kansa, irin EpiPen ta Turai da Amurka, ba a samunta a Kanambakashe ko Sarkin Hausa. Abin da ke hannun dangi shi ne sauri da iya kwantar da majinyaci. A kwantar da shi rigingine a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ya fi damunsa a jingina shi a zaune, ƙafa a miƙe. Mai juna biyu ta kwanta a gefen hagu. Kada a miƙar da shi tsaye, kada a ce ya daure ya taka zuwa bakin hanya, don jinin da ya rage wa zuciya na iya zubewa ƙafafu ya faɗi nan take. A kankare ƙarin zumar da farce. Ba nono, ba jiƙo, ba hayaƙi ga wanda maƙogwaronsa ke rufewa. Addu'a ana yin ta a kan hanya.

Gyaɗa da ake tsoro a ƙasashen Turawa ba kasafai take kawo kowa wannan cibiya ba, a yankin da yara ke tashi da kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Binciken da aka yi a Landan, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa fara ba jarirai gyaɗa da wuri yana rage wannan matsala ƙwarai. Uwar da aka ba ɗanta Plumpy'Nut don tamowa ta ci gaba da ba shi, sai in ta ga kumburi ko sarƙewar numfashi.

Damina na da nata batun. Tun 2013 Nijar ke rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, wata-wata. Magani ne mai ceton yara, kuma ƙalilan ne jikinsu ke ƙinsa. Amma ɗaya daga cikin ƙwayoyin dangi ɗaya ne da Bactrim, kuma shi ne Fansidar da ake ba mata wurin awon ciki. Yaron da ya taɓa yin bori da ɗayansu, ko yake kan shan Bactrim, a faɗa wa masu rabo. In bayan kwanaki aka ga zazzaɓi da gyambon baki da jan ido, fata tana saɓulewa, a tsayar da maganin a nufi asibitin Mayahi ko na Tasawa a ranar.

Babbar wahalar ma'aikaci ita ce tambayar da ba ta samun amsa: wane magani ya sha? Sai a ce "mai ja da rawaya," an saye shi tsirara a ƙullin leda wurin mai talla ranar kasuwa. Duk wanda magani ya taɓa yi wa bori, ya adana kwalin, ya sa a rubuta sunan a shafin farko na karnensa na asibiti, ya kuma faɗa da bakinsa kafin kowace allura, ko ba a tambaye shi ba.