Filin Manoma: Harsashi Ɗaya Don Kowace Farauta

Ran nan wani manomi a Yasore, cikin ƙasar Batsari, ya tare ni da tambaya. Ya ce zabin daji suna tone masa gyaɗa, zomaye sun dami wakensa, ga kuma birai a masara. Kuɗinsa ba su kai ya sayi harsashi iri uku ba, to, wanne guda zai saya? Na san ba shi kaɗai ke da wannan damuwa ba.

Maharban Amurka sun daɗe suna wannan gardama, da yawansu sun tsaya a kan harsashin nan .30-06 wanda aka fito da shi a 1906. Amma nasu na bindiga ce mai jefa dalma guda, wadda kan yi tafiyar fiye da mil biyu. A gonakinmu, inda ko'ina akwai mai noma ko yaro mai kiwo, wannan ba abin so ba ne. Tamu ita ce mai watsa ƙwayoyi, mai lamba 12, baki ɗaya ko baki biyu.

Ku duba lambar da ke jikin harsashin, gama ita ke nuna girman ƙwayoyin dalma da ke ciki. Bisa awon Ingila, oza ɗaya ta lamba 6 tana da ƙwaya wajen 270, lamba 4 wajen 170, BB 70, SSG kuwa 15 kaɗai. Watau in ƙwaya ta yi ƙanana sai ta yi yawa amma ba ƙarfi, in ta yi manya sai ta yi ƙarfi amma ta bar giɓi. Lamba 6 ta dace da kurciya da hasbiya, amma zabo yana da kaurin gashi, sau da yawa sai ya tashi da ita ya je ya mutu cikin ciyawa, ba kai ba nama. BB kuwa fakara takan bi ta tsakanin ƙwayoyinta ta wuce lafiya lau.

Saboda haka ni dai lamba 4 na ce ya saya. Tana kā da zabo da fakara da zomo, in dai ba a wuce yadi 40 ba, misalin taku 45 ke nan. Wanda ya harba daga nesa da haka ya zubar da kuɗinsa. Birai kuwa ƙarar ma ta ishe su, ko da yake yaro da gwangwani ya fi arha.

Amma kada wani ya ce na ce ta yi ga kome. Gyado ba abokin wasan lamba 4 ba ne. Rauni kawai za ta yi masa, gyado mai rauni kuwa yakan juyo kan mutum. A ƙyale shi ga mai SSG.

Lalle a lura da tsawon kwanso. Tsofaffin bindigogi da yawa na inci 2½ ne, in an cusa musu na 2¾ ana iya jawo fashewa. A ajiye harsashi inda ba laima, inda yara ba su kai. A kuma cire dalma daga nama kafin a kai shi tukunya, guba ce.

Dokar bindigogi ta 1959 ta hana riƙe irin wannan bindiga sai da lasisi daga 'yan sanda. Dajin Rugu kuwa, tun da ɓarayi suka mai da shi mafaka, kada kwaɗayin zabo ya kai kowa bakinsa.