Na'urar da ke samar wa kanta wuta, daga sararin samaniya zuwa dam ɗin Challawa

Wani mai sauraronmu daga Rogo ya aiko da tambaya: wai da gaske akwai 'yan ƙananan na'urorin awo masu aika saƙo ba tare da waya ko canjin batir ba, kuma ina ruwan talaka da su? Malam, akwai su. Daga inda aka ajiye su suke tsintar wuta: hasken rana, ko girgizar inji, ko bambancin zafi tsakanin ɓangarori biyu na ƙarfe. Ta wannan hanya ta ƙarshe kumbon Voyager 1, wanda Amurka ta harba a 1977, yake samun lantarki, domin can a sararin samaniya babu mai zuwa gyara.

A ganina, mu ma muna da irin wannan wuri a ƙofar gida. Dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye, wanda aka kammala a 1992, da ƙasa aka gina shi, kuma ruwa kan fara ratsa cikin irin wannan gini tun ido bai gani ba. Kanawa ba su manta ɓallewar dam ɗin Bagauda a 1988 ba. Na'urar da ke auna matsin ruwa a ciki, dare da rana, za ta sanar da injiniya da wuri. Idan da hasken rana take aiki, za a ce ƙurar hunturu tana rufe farantin sola. Gaskiya ne, amma wutar da na'urar ke ci kaɗan ce: takan farka ta yi awo, ta aika 'yan lambobi, ta koma barci, kuma tana tara ragowar wutar. Abin da ya fi damuna shi ne wanda zai karanta saƙon, don haka sai hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ta ajiye ma'aikaci mai ikon ɗaukar mataki nan take.