Maɗiga: Abin da Take Nunawa Game da Lafiyar Jariri

Ƙoƙon kan jariri ba ƙashi guda ba ne. Ƙasusuwa ne masu faɗi waɗanda wani tantani mai ƙarfi ya haɗa, ya bar gurabe 6 masu taushi. Mafi girmansu ita ce maɗiga, can saman goshi, inda ƙasusuwa 4 suka haɗu. Wannan tsari ne ke ba ƙasusuwan damar hawa juna kaɗan lokacin haihuwa, daga bisani kuma ƙwaƙwalwa ta sami sararin girma. Gurbin ƙeya kan rufe cikin wata 2 zuwa 3, maɗiga kuwa galibi tsakanin wata 12 da 18.

A ƙasar Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, inda zafin bazara ke tsananta, lura da maɗiga kan ceci rai. In ta lotsa, yawanci ruwan jiki ne ya ragu saboda gudawa ko amai. Shafa magani a kanta ba ya mayar da ruwan. Sai a ci gaba da shayarwa, a ba da ruwan gishiri da sukari, a nufi asibiti. In kuwa ta kumbura alhali jariri ba ya kuka, ga zazzaɓi, a yi zargin sanƙarau, cutar da ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya a 1996. Wannan ba ya jiran gobe.