Ruhu Mai Tsarki da Aikin Hannu

Karatu: Fitowa 35:30-35; Ayyukan Manzanni 18:1-3

Lura da abin da Allah ya yi wa Bezalel. Ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya, da tagulla, da sassaƙa. Ya kuma ba shi, shi da Oholiyab, baiwar koya wa waɗansu. Ashe Ruhun da yake ba mu harsuna yana ba da gwanintar hannu. Manzo Bulus ma ɗinkin tanti ya yi a Koranti tare da Akila da Bilkisu.

Dubi ƙasarmu. Rake ya cika Makarfi da Kudan, tumatir ya cika Ikara, amma matasanmu da yawa suna zaune da takardar sakandare babu aiki, waɗansu har sun faɗa shaye-shaye. Wa zai koya musu dafa mazarƙwaila, da gyaran injin ban-ruwa, da ɗinki, da kwamfuta?

Saurayi ko budurwa, kada ka rena ƙaramin mafari. Nemi mai sana'a, ka zauna a ƙarƙashinsa. Sammako, da haƙuri da tsawar maigida, da riƙon amana, su ne za su riƙe ka ranar wahala.

Kai kuma mai sana'a a ikilisiya, ɗauki yaro ɗaya bana, ko na maƙwabcinka Musulmi ne. Ɗakin sujada yana nan a rufe ranakun mako. A buɗe aji a cikinsa.

Addu'a: Ya Uba, ka albarkaci hannuwanmu, ka ba mu zuciyar koyo da koyarwa, cikin sunan Yesu. Amin.