Zan iya haɗa sabon faifan sola da tsofaffin da nake da su?

Tambaya: Ina da faifan sola biyu masu wat 150 kowanne, an jera su suna cajin batura biyu masu bolt 24 ta kwantirola irin PWM mai am 20. Kwanan nan na sayi babban faifai mai wat 450. Mai gyaran wutar unguwarmu ya ce a haɗa ja da ja, baƙi da baƙi kawai, ai duk rana ɗaya suke sha. Wani kuma ya ce in na yi haka sai na ƙona kayana. Wa ke da gaskiya? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Kowannensu ya riƙe ɓangaren gaskiya. Ana iya haɗa faifan da ba su yi daidai ba, amma ko dai a yi asarar wani kaso na wutar da aka biya kuɗinta, ko kuma, in aka yi ganganci, a rasa kwantirola. Kafin ka taɓa waya, hau ka juya kowane faifai ka karanta takardar da aka manna a bayansa. Lambar wat ita ce mutane suka fi kallo, alhali a wannan maganar ita ce mafi ƙarancin amfani. Nemi Vmp, wato bolt ɗin da faifan ke bayarwa yana cikin aiki, da Imp, am ɗinsa yana cikin aiki, sannan Voc, bolt ɗinsa in ba a jona masa komai ba.

Ban ga naka ba, amma irin waɗannan faifai lambobinsu ba sa nisa da haka: mai wat 150 yakan ba da Vmp wajen 18, Imp wajen 8.3, Voc wajen 22. Mai wat 450 kuwa Vmp wajen 41, Imp wajen 10.9, Voc wajen 49. Da su za mu yi lissafi, kai kuma ka sa naka a gurbinsu.

Hanya ta farko ita ce jerawa, wadda masu aikin ke kira siris: jar wayar wannan ta shiga baƙar wancan. A nan bolt ne ke taruwa, am kuwa yana tsayawa a kan na mafi ƙanƙanta, kamar ayarin raƙuma da ba ya wuce saurin raƙumin da ya fi sanyin ƙafa. In ka jera ukun, bolt zai zama 18 da 18 da 41, wato 77, am kuma 8.3. Ka ninka su, za ka samu wat 639 daga cikin 750. Asarar ba ta kai a yi kuka ba, sai dai kwantirolarka ba za ta ci moriyar wannan haɗin ba. PWM ba ta iya mayar da rarar bolt ta zama am. Janyo faifan take yi ƙasa zuwa bolt ɗin batir, wajen 28, abin da ya ragu ya tafi a banza. Yawancin PWM ma ba a ƙera su don ɗaukar bolt mai yawa haka ba.

Ko da ka sayi kwantirola irin MPPT, wadda ke iya mayar da rarar bolt ta zama am, akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. Tara Voc na ukun: 22 da 22 da 49 sun ba da 93. Ƙananan MPPT da yawa iyakarsu bolt 100, sai mutum ya ga ai da sauran tazara. To lambobin bayan faifai an auna su ne a zafin digiri 25, kuma faifan sola bolt ɗinsa hawa yake yi in ya yi sanyi, wajen kashi 0.3 cikin ɗari a kan kowane digiri. Da asubahin hunturu, in sanyi ya sauka zuwa digiri 10, wannan 93 ɗin ya zama kusan 97 da fitowar rana. Mutumin Jos, inda sanyin ya fi haka, ya ma fi kusa da bakin rami. Bolt da ya haura iyakar kwantirola yana iya kashe ta nan take, kuma da wuya mai shago ya karɓe ta.

Hanya ta biyu ita ce ta mai gyaran unguwarku, ja da ja, baƙi da baƙi. A nan am ne ke taruwa, bolt kuma yana karkata zuwa na ƙasa. Da faifai ɗaya mai bolt 18 za ka haɗa da babban, da na ce maka kada ka kuskura: babban zai rasa fiye da rabin ƙarfinsa, kuma in batir ya cika kwantirola ta yanke, zai riƙa tura wuta baya cikin ƙaramin yana dafa shi. Sa'arka ita ce ƙananan naka biyu a jere suke, sun zama bolt 36, ba su yi nisa da 41 ba. Da MPPT wannan haɗin zai ba ka wajen wat 690 a lissafi. Da PWM ɗinka kuwa, am 19 da ɗoriya sau bolt 28, wajen wat 540 ke nan. Kuma am ɗin ya zo daidai wuyan kwantirola mai am 20. Da tsakar ranar bazara za ka ji ta ɗau zafi, in ba ta da kariya ta ƙone.

Ni abin da zan yi a matsayinka shi ne in bar tsofaffin yadda suke da PWM ɗinsu, in saya wa sabon faifan tasa kwantirolar, MPPT mai am 20 ta wadatar, tunda wat 450 a kan bolt 28 wajen am 16 ne. Dukansu biyu su sauka a kan baturan nan, kowacce da wayarta da fiyus ɗinta kusa da batir. Ba sa faɗa da juna muddin ka saita musu bolt ɗin caji iri ɗaya, wanda kamfanin batirin ya rubuta. Haka kowane faifai zai yi aiki gwargwadon ƙarfinsa, kuma ranar da ɗaya ta lalace ba ka kwana a duhu.

Kada ka sa rai ka ga 450 cif a fuskar kwantirola. A kan rufin kwano faifai yakan haura digiri 60, zafi kuma rage masa ƙarfi yake yi, ga ƙurar hunturu. Ban da haka, a kasuwanninmu akwai faifan da aka manna wa takardar da ta fi ƙarfinsa, musamman na hannu. Ka ari mita ka auna Voc da am ɗin kowanne da tsakar rana kafin ka amince da abin da aka rubuta.

Wajen ɗaurawa, yi amfani da wayar sola mai kaurin murabba'in milimita 4, ko 6 in tazarar tana da yawa, da kawunan MC4 maimakon murɗa waya a naɗe da salatif. Lulluɓe faifan da bargo ko kwali kafin ka jona, kuma ka fara haɗa kwantirola da batir tukuna, don ta gane bolt 24 ne, sannan ka kawo mata wayar faifan. In za ka kwance, faifan za ka fara cirewa.